Harshen Damo a Keɓaɓɓun Kalmomin Gudanar da Furoje: Jagora ga Mai Shirin Jarrabawar Ƙwarewa

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a da kowane fanni na ilimi suna da kalmomin da suka keɓanta da su. Idan maƙeri ya ce zuga-zugi ko awartaki, ba wanda zai ruɗe, domin kalmomin ba su da wani gida sai maƙera. Wanda bai san su ba ya san bai sani ba, sai ya tambaya. Matsala tana tasowa ne a inda masu fanni suka ɗauki kalmar da kowa ke amfani da ita yau da kullum, suka ba ta ma'anar da ta fi ta asali ƙunci, ko ma ta saɓa mata. Ɗalibin nazarin harshe ya san wannan: "baƙi" a ajin nahawu ba launi ba ne, haka "gaɓa" ba gwiwa ba ce. A nan mai koyo yakan ɗauka ya gane, alhali kuwa ma'anar da ke kansa daban, wadda ake nufi daban.

Wannan takarda za ta duba irin wannan harshen damo a fannin gudanar da furoje, musamman ga wanda ke shirin jarrabawar PMP. An zaɓi wannan fanni ne saboda yawancin kalmominsa na yau da kullum ne, kuma Bahaushen da ke shirin jarrabawar yana karatu da Turanci ko Faransanci, yana kuma tunani da Hausa. Ke nan kalma ɗaya tana ratsa harsuna biyu ko uku kafin ta zauna masa.

2.0 Taƙaitaccen Bayani a kan Jarrabawar

Cibiyar PMI ce ke shirya jarrabawar PMP. An kafa cibiyar a Amurka a 1969, aka kuma fara yin jarrabawar a 1984. Littafin da ya tattara kalmomin fannin a wurin wannan cibiya shi ne jagoran PMBOK, wanda ya fara fitowa a 1996, aka sake buga shi a 2000, da 2004, da 2008, da 2013, da 2017, da 2021. A tsarin da aka shigo da shi a watan Janairun 2021, an tanadi tambayoyi 180 cikin minti 230, wato abin da bai kai minti ɗaya da rabi ba ga kowace tambaya.

Akasarin tambayoyin ba na hadda ba ne. Akan kawo ɗan labari na wani hali da manajan furoje ya shiga, a ba da amsoshi, a ce a zaɓi wadda ta fi dacewa. Sau da yawa amsoshi biyu sukan yi kama da juna, abin da ya raba su kalma ɗaya ce. Wanda ya fahimci kalmar da ma'anarta ta kasuwa zai zaɓi amsar da ba ita ba, ya fito ɗakin jarrabawa yana ganin ya yi daidai. Abin da ke cikin hatsari a nan kuɗin rajista ne da watannin karatu. Bayan jarrabawa kuma, irin wannan ruɗani shi ke haddasa jayayya tsakanin mai ba da kwangila da ɗan kwangila a kan wa zai sa hannu, da wa zai biya.

Ana iya kasa tushen ruɗanin gida huɗu, kamar yadda za a gani a ƙasa.

3.0 Kalmar Yau da Kullum Mai Ma'anar Fanni

3.1 Furoje

A Nijar, idan aka ce wane yana aiki a furoje, abin da ke zuwa a rai shi ne ofishin wata ƙungiyar raya ƙasa mai motoci da ma'aikata, wadda ta yi shekaru tana nan. A fannin da muke magana, furoje aiki ne na wucin gadi, mai farko da ƙarshe, wanda ake yi don samar da wani abu da ba a taɓa samar da irinsa sak ba. Gina ɗakunan karatu huɗu furoje ne. Koyarwar da za a riƙa yi a cikinsu kowace shekara kuwa ba furoje ba ce, aikin yau da kullum ne. Wucin gadi a nan ba ya nufin gajeren lokaci: furoje na iya ɗaukar shekara goma, muddin dai yana da ranar ƙarewa.

3.2 Riski

Ƙamus yakan fassara wannan kalma da haɗari, kuma Bahaushe bai san haɗari mai daɗi ba. A jagoran PMBOK kuwa, riski shi ne duk wani abu da ba a da tabbacin aukuwarsa, wanda in ya auku zai shafi manufar furoje, ko ta hanyar cutarwa ko ta hanyar amfanarwa. Mai cutarwa shi ne barazana, mai amfanarwa shi ne dama. Yiwuwar tashin farashin siminti riski ne, yiwuwar faɗuwarsa ma riski ne. Kalmar kasada ta fi kusa da wannan ma'ana, tun da mai kasada yana iya ci, yana iya faɗuwa, sai dai ita kasada mutum ne ke jefa kansa cikinta, riski kuwa yana nan ko ba a neme shi ba.

Akwai kuma bambanci na lokaci. Riski bai faru ba tukuna. Da zarar ya faru, ya tashi daga riski ya koma matsala, kuma kowane yana da rajistarsa daban. Saboda haka idan tambaya ta ce dillali "yana iya" jinkirta kawo kaya, rajistar riski ake nema. Idan ta ce "ya jinkirta", an shiga rajistar matsaloli.

3.3 Hanya mai tsanani

Siffar da aka laƙaba wa wannan hanya a Turanci tana ba da ma'anar abu mafi muhimmanci ko mafi wuya. Dabarar ta samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma ma'anarta ta lissafi ce zalla: ita ce jerin ayyuka masu bin juna da ya fi kowane jeri tsawon lokaci. Tsawonta shi ne mafi ƙarancin lokacin da za a iya gama furoje. Ɗalibai sukan ruɗe da jin "mafi tsawo" da "mafi ƙaranci" a jimla ɗaya, amma babu saɓani: ayarin raƙuma ba ya isa zango sai raƙumin da ya fi nawa ya iso. Aiki mai sauƙi kamar shafa fenti yana iya kasancewa a kan wannan hanya, aiki mai tsada kuma ya kasance a wajenta.

3.4 Darajar da aka samu

Mai jin wannan suna zai zaci riba ce, ko kuɗin da aka karɓa. Ba ko ɗaya. Ita ce kuɗin da aka ware tun farko wa aikin da aka riga aka gama. A ƙaddara ɗakunan karatu huɗu, kowane an ware masa sefa miliyan 5. Bisa jadawali ya kamata a ce an gama uku a yau, amma biyu aka gama, an kuma kashe miliyan 12. To:

(a) darajar da aka tsara ita ce miliyan 15;
(b) darajar da aka samu ita ce miliyan 10;
(c) ainihin kuɗin da aka kashe miliyan 12 ne.

Giɓin kuɗi shi ne (b) a cire (c), wato an zarce da miliyan 2. Giɓin jadawali kuma shi ne (b) a cire (a), wato ana baya da aikin miliyan 5. A lura da kyau: ko da yake sunansa giɓin jadawali, da kuɗi ake auna shi, ba da kwanaki ba.

4.0 Tagwayen Kalmomi

Kashi na biyu shi ne kalmomi biyu da a maganar yau da kullum ma'anarsu ɗaya, amma fanni ya raba su. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane.

4.1 Tantancewa da amincewa

Akwai aikatau biyu na Turanci, "berifai" da "balidet", waɗanda duka ake iya fassarawa da tabbatarwa. A bugu na biyar da na shida na jagoran, na farko aikin cikin gida ne: ma'aikatan furoje su auna abin da suka yi, su ga ya yi daidai da ƙa'idar da aka gindaya. Na biyu aikin mai kaya ne: ya duba abin da aka riga aka tantance, ya sa hannu cewa ya karɓa. Injiniyan ɗan kwangila ya auna kaurin bango da tsawon taga, wannan tantancewa ce. Wakilin hukumar da ta ba da aikin ya zagaya ya sa hannu, wannan amincewa ce. Tantancewa ce ke fara zuwa. Tambayar da za ta raba su ita ce: wa ya duba, kuma me ya fito daga dubawar?

4.2 Inganci da daraja

Inganci shi ne yadda abu ya cika sharuɗɗan da aka nema. Daraja kuwa rukuni ne da ake sa abubuwa masu amfani iri ɗaya amma masu siffofi daban. Butar roba da butar ƙarfe duk na alwala ne, ta ƙarfe ta fi daraja. Amma idan ta roba ba ta yoyo, ta ƙarfe kuwa tana ɗiga, to ta roba ce mai inganci. Ƙarancin daraja ba laifi ba ne in shi aka nema. Ƙarancin inganci kuwa kullum matsala ne.

4.3 Rarar lokaci iri biyu

A ƙaddara ginin bango zai ɗauki kwana 10. A daidai wannan lokaci ana sayo ƙarfe cikin kwana 4, sannan mai walda ya haɗa tagogi cikin kwana 3. Kafa tagogi, mai ɗaukar kwana 2, ba zai fara ba sai an gama bango an kuma gama walda. Hanya mai tsanani ita ce bango da kafa tagogi, kwana 12. Sayen ƙarfe da walda kwana 7 ne, saboda haka akwai rarar kwana 3.

Rara ta gaba ɗaya ita ce jinkirin da aiki zai iya yi ba tare da ya ɗaga ranar gama furoje ba. Rara ta kai kuwa ita ce jinkirin da zai iya yi ba tare da ya hana aikin da ke biye da shi farawa a ranarsa ta farko ba. Sayen ƙarfe yana da rarar gaba ɗaya ta kwana 3, amma rararsa ta kai sifiri ce, domin ko kwana ɗaya ya ƙara mai walda zai zauna jira. Walda tana da kwana 3 a duka biyun. Haka kuma kwana ukun nan na hanyar ne baki ɗaya: in mai sayen ƙarfe ya cinye su, mai walda ba shi da sauran komai.

4.4 Ajiyar kuɗi iri biyu

Ajiyar ko-ta-kwana kuɗi ne da aka ware saboda riskin da aka riga aka gano aka rubuta. Ajiyar shugabanni kuwa ta abin da ba wanda ya hango ce. Idan ƙiyasin ayyuka miliyan 18 ne, aka ƙara ko-ta-kwana miliyan 2, to ma'aunin kuɗin da za a riƙa gwada tafiyar furoje da shi miliyan 20 ne. In aka ɗora ajiyar shugabanni miliyan 1, kasafin furoje ya zama miliyan 21. Ta farko tana cikin ma'aunin, ta biyu tana wajensa, kuma ba a taɓa ta sai da izinin shugabanni. Ke nan "ma'aunin kuɗi" da "kasafi" ma tagwaye ne da bai kamata a haɗa su ba.

5.0 Sauyin Suna Tsakanin Bugu da Tsakanin Cibiyoyi

Kashi na uku ba laifin ɗalibi ba ne: masu fannin ne da kansu ke sauya suna. Matakin karɓar kaya da aka yi bayani a 4.1, a bugun 2008 da kalmar "berifai" aka kira shi, sai a bugun 2013 aka mayar da shi "balidet". Wanda ya haɗa tsohon littafin bita da sabo zai ga kalma ɗaya tana nufin abubuwa biyu masu karo da juna. A bugun 2017 an sauya sunan sashen kula da lokaci zuwa kula da jadawali, na kula da ma'aikata kuma ya koma kula da albarkatu, don ya haɗa da kayan aiki. Adadin matakai ma ya yi ta sauyawa: 44 a 2004, 42 a 2008, 47 a 2013, 49 a 2017. Bugun 2021 kuwa ya sake fasali gaba ɗaya, ya ginu a kan ƙa'idoji 12 da fagagen aiki 8.

Bugu da ƙari, ba PMI kaɗai ke ba da takardar ƙwarewa ba. Tsarin PRINCE2, wanda ya fito daga Birtaniya a 1996, yana amfani da wasu kalmomin iri ɗaya da ma'ana daban. Alal misali, a wurin PMI "ƙunshin aiki" shi ne kashi mafi ƙanƙanta da aka kai idan aka rarraba furoje daki-daki. A PRINCE2 kuwa bayani ne da manajan furoje ke miƙa wa shugaban ƙungiyar ma'aikata a kan abin da za su samar da sharuɗɗansa. Haka nan kalmar da muka fassara da matsala, a bugun PRINCE2 na 2009 da na 2017 ta haɗa har da buƙatar yin sauyi, alhali a wurin PMI buƙatar sauyi tana da tata hanya daban. Saboda haka tambayar "mece ce ma'anar wannan kalma?" ba ta cika ba sai an ƙara da "a wurin wa, kuma a wane bugu?"

6.0 Ruɗanin da ke Zuwa ta Hanyar Fassara

6.1 Tsakanin Faransanci da Turanci

Wanda ya yi boko da Faransanci yana da tarko na musamman, wato kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu amma ma'ana ta bambanta. "Kontrol" a Faransanci ya fi karkata ga bincike, irin na jami'in da ke tsayar da mota a hanya. A Turancin wannan fanni kuwa ya haɗa da gwada abin da ake ciki da abin da aka tsara, da kuma ɗaukar matakin gyara. Wannan ne ya sa fassarar jagoran ta Faransanci ta yi amfani da "metriz", mai ma'anar riƙe ragama. Haka "dele" na Faransanci wa'adi ne da aka ba mutum, amma takwararsa ta Turanci jinkiri take nufi. "Planin" a bakin mai Faransanci shi ne jadawalin kansa, a Turanci kuwa aikin tsarawa ne baki ɗaya, wanda jadawali ɓangare ɗaya ne kawai a cikinsa.

6.2 A cikin Hausa

Hausa ma tana da nata harshen damo. Kalmar "aiki" ita kaɗai tana ɗauke da furoje, da ƙunshin aiki, da ɗan aikin da ke cikin jadawali, da aikin yau da kullum, alhali fanni ya raba huɗun nan. "Mai aiki" yana iya zama wanda ya ba da aikin, yana kuma iya zama lebura. "Shiri" yana nufin tsarin da aka rubuta, yana kuma nufin tarin furoje masu alaƙa da ake gudanarwa tare. "Lokaci" kuma ya haɗe abubuwa biyu: tsawon kwanakin da aiki zai ɗauka, da yawan ƙwazon da zai ci. Magina biyu da suka yi kwana 5 suna aiki, tsawon aikin kwana 5 ne, ƙwazon kuwa na kwana 10 ne. Wanda ya rubuta "lokaci" a gefen littafinsa a duka wuraren biyu ya shafe bambancin da jarrabawa za ta tambaye shi.

7.0 Hanyoyin Magance Matsalar

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da matakai biyar:

(i) A tabbatar da takardar manhajar jarrabawa da ke aiki a ranar da za a zauna, da bugun littafin da ya dace da ita. Duk littafin bita da aka ara, a fara duba shekarar da aka buga shi.

(ii) A buɗe littafin kalmomi na kai. Kowace kalma a rubuta mata ma'anar yau da kullum, da ma'anar fanni, da misali ɗaya daga aikin da mutum ya sani da idonsa. Rubuta ma'anar yau da kullum yana da amfani, domin ita ce za ta fara zuwa a rai idan lokaci ya ƙure.

(iii) A riƙa koyon tagwayen kalmomi tare, a kuma yi musu tambayoyi huɗu: wa ke yi, yaushe ake yi, me ke shiga, me ke fita?

(iv) In za a fassara zuwa Hausa, kada a nemi kalma ɗaya tilo. Gajeren bayani kamar "dubawar ma'aikata" da "sa hannun mai kaya" ya fi kalma guda mai fuska biyu. In an zaɓi suna, a tsaya a kansa har ƙarshen karatu.

(v) A lura da ƙananan kalmomin da ke cikin tambaya. "Me zai fara yi?" daban yake da "me ya fi dacewa ya yi?" Idan mai kaya ya nemi a ƙara ɗaki na biyar, gaya wa magina su fara haƙa yana iya zama daidai a ƙarshe, amma a tsarin da aka riga aka tsayar da ma'auni, abin da ake farawa da shi shi ne rubuta buƙatar da auna tasirinta a kan kuɗi da jadawali, sannan a kai ta ga masu ikon amincewa.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ruɗani a kalmomin gudanar da furoje yana fitowa ta hanyoyi huɗu: kalmar kowa da aka ba ma'anar fanni, tagwayen kalmomi, sauyin suna tsakanin bugu da cibiyoyi, da kuma fassara. An ga cewa ƙamus na gama-gari ba ya wadatarwa, domin ma'anar keɓaɓɓiyar kalma tana fitowa ne daga matsayinta a cikin tsarin da take, da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Ga ɗalibin harshe, akwai aiki a gaba: duk wanda zai samar wa wannan fanni kalmomin Hausa dole ne ya fara sanin iyakar kowace ma'ana, kafin ya nemo mata suna.

9.0 Tambayoyi don Nazari

1. Kawo kalmomi uku daga wata sana'ar Hausawa waɗanda ma'anarsu a sana'ar ta saɓa da ta yau da kullum.

2. A misalin da ke 4.3, idan sayen ƙarfe ya ɗauki kwana 6 maimakon 4, rarar kwana nawa ta rage wa mai walda? Shin ranar gama aikin za ta ɗaga?

3. Samar da sunaye huɗu na Hausa da za su raba ma'anoni huɗu na "aiki" da aka ambata a 6.2, tare da dalilin zaɓen kowane.